Yadda ake ciyar da dokin gasa a tsare masa nauyin jikinsa

Abin da ake nema a jikin dokin hawan salla daban ne da abin da ake nema a jikin dokin polo ko na sukuwa. Dokin hawa ana so ya cika ya yi ɓul-ɓul, domin kayan ado su zauna masa, kuma mafi yawan aikinsa takawa ce a hankali. Dokin gasa kuwa ana so ya yi gudu, ya tsaya cak, ya juya, ya sake zabura, har tsawon minti bakwai na kowane zagayen polo, a filin da tsawonsa ya kai yadi 300, sau da yawa cikin zafin rana. Duk kitsen da ya ɗauka fiye da kima kaya ne a kan ƙafafunsa, kuma yana hana jikinsa fitar da zafi. Idan kuma ya rame, ba zai kai ƙarshen wasa da ƙarfinsa ba. Wannan bayani na wanda ya fara riƙe doki ne domin gasa, ko a filayen polo na Kano da Katsina da Kaduna, ko a filayen sukuwa na Maraɗi da Damagaram da Yamai. Tushen aikin abu ɗaya ne: a daina ciyar da doki da ƙiyasin ido, a koma ga awo.

Kayan da za ka tanada

Za ka buƙaci tef ɗin awo irin na tela mai santimita, kuma tun da na tela bai cika wuce santimita 150 ba, ka haɗa biyu ko ka nemi dogo. Idan babu, ka yi amfani da igiyar da ba ta miƙewa, ka sa mata alama, sannan ka auna ta daga baya. Za ka buƙaci sikelin rataye da buhu domin auna harawa da ciyawa, da ƙaramin sikeli domin hatsi da gishiri. Sai bokiti wanda ka san yawan litar da yake ci, da kwami ko daro na zuba abinci, da littafi da biro.

Ta fannin abinci, ka tanadi busasshiyar ciyawa mai kyau, irin su kyasuwa ko harkiya da aka yanka kafin su tsufa, da harawar wake ko ta gyaɗa, da gero ko dawa, da dusa kaɗan, da gishiri, da man gyaɗa ko na waken suya. Ka sayi harawa da kaka, lokacin da take da araha kuma da ganyenta, ka ajiye ta a sama inda ruwa da gara ba sa kai mata.

Mataki na 1: Ka san nauyin dokinka

Duk wani lissafi da zai biyo baya, har da na maganin tsutsa, a kan nauyi yake tafiya, kuma barga kaɗan ce take da sikelin da doki zai hau. Saboda haka ana amfani da tef. Ka tsayar da dokin a wuri mai daidai, ƙafafunsa huɗu a jere, kansa a sake. Ka zagaya tef a ƙirjinsa, daidai inda majayi yake bi, daga bayan gwiwar ƙafar gaba zuwa ƙashin da ya ɗago a tsakanin wuya da gadon baya, ka ja shi ya kwanta a fata ba tare da ya matse ba, ka karanta lokacin da ya fitar da numfashi. Sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa ta gaba zuwa tsinin ƙashin ɗuwawu.

Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka abin da ya fito da tsawon, ka raba da 11,880. Abin da ka samu shi ne nauyinsa a kilo. Misali, dokin da ƙirjinsa ya ba da santimita 175, tsawonsa 155, zai kama kilo 400. Da wannan doki zan ci gaba da misali har ƙarshe, sai ka gyara adadin daidai da naka.

Lissafin yana iya kuskurewa da ɗan kaɗan, amma amfaninsa shi ne nuna maka inda jiki ya dosa. Don haka mutum ɗaya ne zai riƙa yin awon, da safe kafin a ba da abinci, bayan kowane mako biyu, a rubuta. Idan yau kai ka auna, wani makon yaron barga ya auna da rana bayan doki ya sha ruwa ya ƙoshi, adadin da ke cikin littafin ba zai gaya maka komai ba.

Mataki na 2: Ka taɓa jikinsa da hannu

Tef ba ya bambance tsoka da kitse, hannu ne yake bambancewa. Ma'aunin da likitocin dawakai suka fi amfani da shi shi ne wanda Don Henneke ya tsara a Amurka a 1983, mai hawa daga 1 zuwa 9, inda 1 take nufin doki ya rame ƙashi da fata, 9 kuma ya yi ƙiba fiye da kima. Dokin gasa ana so ya tsaya a 5, ko ƙasa da ita da ɗan kaɗan idan ɗan sukuwa ne.

Wurare shida ake dubawa: saman wuya inda geza take, ƙashin gaban sirdi, bayan kafaɗa, haƙarƙari, gadon baya, da gindin wutsiya. Ka shafa tafin hannunka a haƙarƙarinsa daga gaba zuwa baya. A dokin da yake daidai, ido ba ya ganin ƙasusuwan idan yana tsaye, amma hannu yana jin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an danna ba. Idan sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji su, ƙiba ta shigo. Idan ana ƙirga su daga nesa, ya rame. Gadon bayansa ya zama a shimfiɗe, ba kwari a tsakiya, ba kuma ƙashi a tsaye. Saman wuya shi na fi so mai koyo ya saba taɓawa, domin idan ya yi kauri ya yi tauri har yana karkata gefe, wannan kitse ne mai hatsari, kuma irin wannan doki shi ne ya fi saurin kamuwa da kumburin cikin kofato.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar babban ciki a matsayin ƙiba. Doki yana iya yin tumbi alhali haƙarƙarinsa a waje, saboda tsutsa ko saboda tsohuwar ciyawa marar amfani da ta cika masa hanji. Wanda ya rage wa irin wannan doki abinci ya ƙara masa wahala ne.

Mataki na 3: Ka gyara lafiyarsa kafin ka taɓa abincinsa

Ka kira likitan dabbobi ya duba haƙoransa, domin turamen doki suna yin kaifi a gefe su riƙa yankar kumatu, sai ka ga yana zubar da abinci daga baki, ko kana ganin ƙwayar hatsi da yawa a kashinsa. A ba shi maganin tsutsa daidai da nauyin da ka lissafa, a cire masa kaska, a duba jininsa idan dasashinsa ya yi fari ko yana kasala. Dokin da ke ɗauke da cutar jini ta kaska ko sammore ba zai yi jiki ba ko da buhu nawa ya cinye.

Mataki na 4: Ka fara da ciyawa da harawa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, yana kuma zubo ruwan tsami dare da rana ko da abinci ko babu, sannan doki ba ya iya amai. An halicce shi ne domin ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan tsawon yini. Idan aka ɗaure shi a turke awa shida ko bakwai ba abin taunawa, ruwan tsamin yana cin bangon tumbin, daga nan gyambon ciki yake farawa, sai doki ya riƙa cizon mai ɗaura masa majayi, yana barin abinci, yana ramewa ba a san dalili ba.

Dokin da ke aiki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 zuwa 2 da rabi cikin ɗari na nauyinsa a yini. Ga dokin kilo 400, kilo 8 zuwa 10 ke nan gaba ɗaya. Daga ciki, kada ciyawa da harawa su gaza kashi 1 da rabi cikin ɗari, wato kilo 6. Ka saka dami a buhu ka rataya a sikeli ka gani da idonka, domin mafi yawan masu doki suna mamakin yadda abin da suke kira dami guda bai kai rabin abin da suke zato ba.

Ni na fi son a haɗa rabi ciyawa, rabi harawa. Harawa tana gina tsoka kuma tana da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, amma idan ita kaɗai ake ba shi, fitsarinsa yana yawa yana wari, ƙishirwarsa tana ƙaruwa, kuma tana da tsada. Ciyawa kaɗai kuma, musamman wadda ta bushe a daji bayan kaka, ba ta riƙe dokin gasa. Ka raba kilo shidan kashi huɗu ko biyar, ka bar kaso mafi girma na dare.

Ka kakkaɓe harawar gyaɗa sosai kafin ka zuba, domin tana zuwa da ƙasa a saiwarta, kuma kada ka zuba abinci a kan rairayi. Yashi yana taruwa a hanji a hankali har wata rana ya toshe shi. Duk damin da ka buɗe ka ga ya yi fumfuna, ko ƙura fara ta tashi, ko yana warin ruɓa, ka jefar. Kada ka ba doki ɗanyen karan dawa, musamman sabon toho ko wanda fari ya kama, domin yana ɗauke da guba. Idan damina ta sauka kuma, ka shigar da ɗanyar ciyawa kaɗan-kaɗan, ka sani mafi yawan nauyinta ruwa ne, kilo ɗaya nata bai kai kilo ɗaya na busasshiya ba.

Mataki na 5: Hatsi ya bi aiki

Hatsi cikon abin da harawa ta kasa bayarwa ne, kuma yawansa yana hawa yana sauka da aikin da dokin ya yi. Dokin kilo 400 da ake yi wa kilisa marar nauyi yana iya wadatuwa da kilo 1 zuwa 1 da rabi a yini. Wanda ke cikin horo sosai ko tsakiyar gasa yana iya kai kilo 3. Dawakan Ajantina da ake shigowa da su sun fi namu girma kuma sun fi buƙatar abinci, namu na gida da na Cadi da Sudan kuwa da yawansu ɗan kaɗan yake sa su ƙiba, don haka kada ka kwafi awon bargar wani.

Ƙa'idar da ba na so ka karya ita ce, kada ka zuba wa dokin kilo 400 hatsin da ya wuce kilo ɗaya a zama guda, kuma idan ya gaza haka ya fi. Ƙaramin hanji yana da iyakar abin da yake iya narkarwa. Abin da ya wuce yana gangarawa babban hanji ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, daga nan sai ciwon ciki, ko gudawa, ko kumburin kofato da ke iya raba doki da fili har abada. Idan kilo uku zai ci, a raba sau uku ko huɗu, kuma a fara ba shi harawa kafin hatsi.

Ka auna mudunka sau ɗaya a sikeli, na gero daban, na dawa daban, na dusa daban, ka rubuta a bangon barga, domin mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, kuma mudun dusa bai kusa da na gero a nauyi ba. Idan ba ka da sikeli, ka kai mudun wurin mai shago ya auna maka. Gero da dawa sun fi amfani idan an ɓarza su ko an jiƙa, domin ƙwayar da aka haɗiye ɗungurungum haka take fita. Sai dai da bazara jiƙo yana saurin yin tsami, don haka ka jiƙa na zama ɗaya kawai, ka wanke daron bayan kowane ci. Masara tana da ƙarfi amma tana wuyar narkewa, kuma wadda ta yi fumfuna tana taɓa ƙwaƙwalwar doki ta kashe shi.

Dusa tana da araha, shi ya sa ake cika ta, amma tana da sinadarin fosfaras mai yawa da kalsiyam kaɗan. Dokin da aka daɗe ana ciyar da shi dusa da hatsi ba harawa, jikinsa yana zare kalsiyam daga ƙashi, sai ka ga ƙasusuwan fuskarsa sun kumbura, yana ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a yini ya isa, tare da harawa. Ka zuba ɗan dusar kasuwa a kofin ruwa ka gani ko yashi zai kwanta a ƙasa. Kada ka kuskura ka ba doki abincin kaji ko na shanu na kamfani, domin wasu suna ɗauke da wani magani mai suna monensin wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yake lalata zuciyar doki.

Duk sauyin abinci, ko sabon buhu ne daga wata kasuwa, a yi shi cikin kwana 7 zuwa 14, ana gauraya sabo da tsoho.

Mataki na 6: Ruwa da gishiri

Doki mai hutawa yana shan kimanin lita 5 a kan kowane kilo 100 na jikinsa, wato lita 20 ga dokin kilo 400. Da zafi da aiki adadin yana ninkawa sau biyu ko uku, domin doki yana iya zubar da gumin lita 10 zuwa 15 cikin awa ɗaya na aiki mai tsanani. Shayarwa sau biyu a yini ba ta isar dokin gasa. A bar ruwa a gabansa kullum, a inuwa, a ƙirga bokitin da ya sha. Da hunturu ka fi sa ido, domin sanyin ruwa yana rage masa sha alhali abincinsa duk busasshe ne, a nan toshewar hanji take yawa.

Gumin doki yana fita da gishiri mai yawa. Ka zuba masa kimanin giram 30 a abinci kowace rana, ka ninka a ranar da ya yi gumi sosai, a raba cikin abincin yini. Kanwa da muka gada ba ta maye gurbin gishiri, domin ba ta cike duk abin da gumi ke fitarwa, kuma idan ta yi yawa tana sakin ciki. Domin gane ko ruwa ya ragu a jikinsa, ka tsunkule fatar kafaɗarsa ka saki. Idan ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ko dasashinsa ya bushe, yana buƙatar ruwa.

Mataki na 7: Gyaran nauyi

Idan dokin ya yi ƙiba, kamar wanda aka ɗaure ana ɗura masa hatsi domin salla, hatsin za ka fara janyewa a hankali, ciyawa ta tsaya a kilo shidanta, ka rage kason harawa ka ƙara na ciyawa. Ka ƙara tsawon kilisa da tafiya da sassarfa kafin ka fara sukuwa, domin jijiyoyin dokin mai nauyi ba sa jure zabura. Abin da ake so ya ragu shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari a mako, wato kilo 2 zuwa 4. Saukowa daga 7 zuwa 5 a ma'aunin Henneke aikin watanni ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka taɓa barin doki da yunwa domin ya yi saurin ramewa, musamman ƙuru mai ƙiba, domin kitsen jikinsa yana iya malalowa cikin jini ya kashe hanta.

Idan ramewa ce, bayan likita ya gama nasa, ka fara da ƙara harawa mai ganye da yawan lokutan ci. Idan bai isa ba, man gyaɗa ko na waken suya ya fi ƙarin hatsi aminci, domin yana da ƙarfi fiye da ninki biyu na hatsi kuma ba ya tsami a hanji. Ka fara da mililita 50 a yini, ka riƙa ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku har 200 ko 300, kana duba kashinsa. Idan ya yi laushi ko maiƙo, ka koma baya. Idan tsokar baya ce ba ta cika ba, dafaffen waken suya ko soyayye, kimanin giram 200 zuwa 300, yana taimakawa. Ɗanye ba a ba doki.

Mataki na 8: Ranar wasa da ranar hutu

Kada ka kawo sabon abu ranar wasa. Idan tafiya za ku yi zuwa wani gari, ka ɗauki harawarka da hatsinka, ka tsaya a hanya ka shayar. Hatsi na ƙarshe ya zama awa huɗu kafin a shiga fili. Al'adar hana doki ci da sha tun asuba domin cikinsa ya ɗaure ba ta da amfani, illa ce. Ka bar masa ruwa, ka kuma ba shi ɗan harawa, kamar cikin hannu biyu, rabin awa kafin a ɗaura sirdi, domin ta tare ruwan tsamin tumbi kada ya fantsama lokacin gudu.

Da ya fito, a sassauta majayi, a cire sirdi, a kai shi inuwa, a riƙa kwarara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har numfashinsa ya lafa. A ba shi ruwan sha kaɗan-kaɗan ana zagayawa da shi, sannan harawa. Hatsi sai bayan awa ɗaya zuwa biyu, idan jikinsa ya huce sarai.

Ranar hutu ka rage hatsi rabi tun daga daren da ya gabata, ka fitar da shi ya taka ko da a hannu ne. Dokin da ya kwana biyu a turke yana cin cikakken hatsi, ranar da aka hau shi tsokar ɗuwawunsa tana iya ƙagewa, ya tsaya yana gumi ya kasa ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi. Idan haka ta faru, ka sauka nan take, kada ka tilasta masa tafiya, ka kira likita. Haka kuma idan ka ga yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, ko ya ƙi abinci, ko kofatonsa ya yi zafi yana jingina nauyinsa a ƙafafun baya, ka kwashe hatsin da ke gabansa, ka kira likita tun kafin dare ya yi, ka kuma nuna masa littafin awonka da abin da dokin ya ci a kwanaki ukun da suka wuce.